Alƙawarin Abbansu, Lissafin Nawa

Alƙawari dai Abbansu ne ya yi, ni kuma aka bari da lissafi. Wani dare yara sun kewaye shi suna kallon bidiyon wani katafaren wurin wasa a wayarsa, irin mai jirgin nan da ke hawa can ƙololuwa ya sulalo da mutane suna ta ihu, sai na ji ya ce, "In kowa ya yi ƙoƙari a makaranta, zan kai ku." Na ɗago na kalle shi, ya yi kamar bai gan ni ba. Yaro kuwa ba ya manta irin wannan magana. Washegari tun ana sa takalmi na tsakiyan ya tambaye ni ko da tsohuwar jakarsa zai tafi ko za a saya masa sabuwa.

Mu biyar ne a gidan: ni da maigida, babbar 'yarmu mai shekara 10, namiji mai shekara 6, sai auta da ta ɗan wuce shekara 2. Abin da na fara yi shi ne abin da kowa ke yi. Na duba kuɗin tikiti a intanet, na ninka da yawanmu, na ga abin bai kai yadda nake tsoro ba, har na ce wa Abbansu ai wannan mai sauƙi ne. Sai bayan kwana biyu, da na zauna da biro da littafi na fara bin tafiyar a raina tun daga ƙofar gida, ido ya raina fata. Man mota. Kwana. Fakin. Cin safe da rana da dare na mutum biyar. Ruwa. Tsaraba. Da na ja layi na haɗa, jimillar ta kusan ninka kuɗin tikitin sau huɗu. Na yi tagumi na daɗe ina kallon takardar.

A nan na gane na faro daga wutsiya. Na yaga shafin, na sake da wata tambaya: nawa za mu iya warewa duk wata ba tare da an taɓa kuɗin makaranta ko na haya ba, kuma ba tare da cin bashi ba? Muka zauna da maigida muka tsayar da adadi, muka ce wata 8 za mu tara. Na buɗe masa wani asusu dabam wanda ba shi da kati, don na san halinmu mu duka biyun. Abin da zai taru a wata 8 ɗin nan shi na kira kashi 100, kuma duk tafiyar da ba ta shiga cikinsa ba, ba tamu ba ce. Tikiti na ba shi 30, masauki 25, sufuri 20, abinci 12, tsaraba 3, sauran 10 kuma na rubuta a gabansu "ko-ta-kwana" na ja musu layi biyu.

Abbansu ya leƙo ya ce, "Maman yara, goma ɗungum don ko-ta-kwana? Ai gara a ƙara a masauki."

Na ce, "Bar su a nan, za ka gode mini."

Zaɓen wurin shi ya fi cin lokaci, kuma a cikinsa ne na koyi yadda masu wannan sana'a ke samun kuɗinsu. Lokacin da aka buɗe Disneyland a Anaheim ta jihar Kalifoniya a 1955, dala 1 babban mutum ke biya ya shiga, amma kowane lilo da nasa kuɗin. Daga baya suka fito da wani ɗan littafin tikiti mai haruffa da suka kai daga A zuwa E, mafi daɗin lilo shi ke cin tikitin E, sai a 1982 aka bar wannan tsari aka koma biya ɗaya ka hau komai. Tivoli da ke Kofanhegan ta ƙasar Denmak, wanda ke aiki tun 1843, har yanzu kana iya sayen shiga dabam, hawa lilo dabam. Wannan bambanci ba ƙarami ba ne ga mai iyali. In kuna da kaka ko mai goyo da ba za ta hau komai ba, wurin da ke raba kuɗin shiga da na hawa ya fi muku sauƙi. In kuwa yaranku irin waɗanda ke sauka su koma layi ne, biya ɗaya ya fi.

Su yara manyan sunaye suka sani. Walt Disney World da ke Florida, wanda aka buɗe a 1971, wuraren wasa huɗu ne a cikinsa: Magic Kingdom, Epcot, Hollywood Studios da Animal Kingdom. Mai son ya zaga su sai ya yi kwanaki, mai son ya tsallaka daga wannan zuwa wancan a rana ɗaya kuma sai ya ƙara kuɗi a kan tikitinsa. Na duba su Efteling na Holan da aka buɗe a 1952, da Legoland na Billund ta Denmak na 1968, da Europa-Park na Jamus na 1975, ina kallon hotuna ina haɗiyar yawu. Amma kashi 20 da na ware wa sufuri ba zai ɗauki mutum biyar a jirgin sama ba, ko da an matse shi. Maganar ta mutu da kanta. Na koma neman wurin da mota za ta kai mu cikin yini guda.

Guda biyu suka rage, babba mai suna da wani matsakaici. Abin da ya raba mini gardama tef ɗin awo ne.

Kowane lilo mai gudu yana da iyakar tsawon yaron da za a bari ya hau, saboda ƙarfen da ke danne mutum a kujera ba ya riƙe ƙaramin jiki yadda ya kamata. Misali, Space Mountain na Magic Kingdom sai yaro ya kai santimita 112. Wuraren suna wallafa wannan jeri a shafukansu, kuma ma'aikatan ba sa jin magiya. Na tsayar da yaran a jikin ƙyauren ɗaki ɗaya bayan ɗaya, na ɗora littafi a kansu, na ja layi da fensir. Babbar ta wuce komai. Namijin ya tsaya a 113, yana ta ɗaga diddige ina danna shi ƙasa. Auta ko mita ɗaya ba ta kai ba. Na ɗauki jerin lilon wuraren biyu na riƙa sa alama a gaban wanda kowane yaro zai iya hawa. A babban wurin, mafi yawan abubuwan da suka sa tikitinsa tsada suna neman 120 ko 130 ko 140, wato zan biya wa ɗana kuɗin tsayawa a bakin shinge yana kallon yayarsa. A matsakaicin kuwa abu biyu kacal suka fi ƙarfinsa. Da na nuna wa Abbansu takardar bai ce komai ba, kai kawai ya gyaɗa.

Shekaru ma suna da nasu lissafin. A wuraren Disney na Amurka yaron da bai kai 3 ba kyauta yake shiga, daga 3 zuwa 9 farashin yara, wanda ya cika 10 kuma kuɗin babba zai biya. Wasu wuraren da tsawo suke yanka farashi. Inda muka zaɓa ma ƙasa da 3 kyauta ne, auta kuwa saura wata 10 ta cika ukun. Wannan ya ɗaure mu: ko mu tafi cikin wata 8 ɗin da muka ɗiba, ko tikiti ya koma na mutum biyar maimakon huɗu. Na yi hoton takardar haihuwarta na sa a jaka tun a lokacin, don yarinyar akwai surutu, wanda ya ji ta zai rantse ta haura uku.

Sai rana. Da can farashi ɗaya ne kullum, yanzu kusan duk manyan wuraren da kalanda suke sayar da tikiti. Disney ta fara raba tikitin yini ɗaya gida uku gwargwadon cunkoso a 2016, kuma tsarin ya zama ruwan dare. Ka buɗe kalandar ka ga Asabar da farashinta, Talata da nata, lokacin hutun makarantu kuma abin ya yi tashin gwauron zabi. Ranakun araha su ne waɗanda yara ke aji, kuma ni ba zan cire yaro daga makaranta don lilo ba. Allah ya taimake mu makarantarsu na ba da ɗan hutun tsakiyar zango, sai na kama Talata da Laraba a cikinsa. Kafin in biya sai da na duba abu biyu da wata maƙwabciyata ta ja mini kunne a kansu: a lokutan da babu cunkoso sukan rufe da wuri, sukan kuma rufe wasu lilon don gyara. Na ga jirgin da babbar ke mafarki yana aiki a ranakun, sannan na danna. Tikitin kwana biyu na saya, don kwana na biyun bai kai kuɗin na farko ba. Na ukun ya fi araha ma, har ya so ya ja ni, sai na tuna kowane ƙarin kwana a wurin wasa yana jawo ƙarin dare a masauki da ƙarin ci sau uku. Arahar a tikiti kawai take.

Akwai wani da ya yi ta tallar tikiti rabin farashi a Facebook. Ban ko amsa masa ba. Tikitin yanzu lamba ce da ake haskawa a ƙofa, in an riga an yi amfani da ita, kai da yaranka za ku tsaya a rana babu wanda za ka kama. A shafin wurin da kansa na saya, kuma ya fi na bakin ƙofa sauƙi. Sharaɗinsa dai ba a mayar da kuɗi.

Sufuri ba wani dogon labari. Motarmu muka kai aka duba, na lissafa mai zuwa da dawowa na ƙara kaɗan a kai.

Masauki ne ya ba ni kunya, kuma laifina ne. Otal ɗin da ke cikin harabar wurin shi kaɗai zai cinye rabin kuɗinmu, na cire shi. Mafi araha kuma yana da nisa, in ka haɗa mai da fakin na kwana biyu da gajiyar yara a mota sai ka ga an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Na sami wani a tsakiya, ɗaki biyu da ɗan kicin da firji, an kuma rubuta da manyan baƙi cewa suna da bas kyauta zuwa wurin wasan. Na yi murna na biya. Ƙananan rubutun da ke ƙasa ne ban karanta ba. Ranar da muka isa, da daddare, auta na barci a kafaɗata, matar da ke kanta ta turo mini takarda cikin fara'a: kuɗin shara da goge-goge, kuɗin ajiye mota na kowane dare, da haraji. Na ce ai na biya komai. Ta juyo da fuskar kwamfutar ta nuna mini inda na sa alamar amincewa da hannuna. Kashi 4 cikin 10 na ko-ta-kwana suka tafi tun ba mu ga lilo ko ɗaya ba. Abbansu ya ɗauki jakunkuna ya wuce gaba, ina ganin kafaɗunsa na rawa don dariyar da yake dannewa.

Kicin ɗin dai ya biya kuɗin sabulu. Na riga na bincika cewa wurin yana barin a shiga da abinci, in dai ba a kwalba ba. Ba ko'ina ke bari ba, wasu ruwa kawai suke ƙyalewa, don haka sai mutum ya karanta dokar wurin da za shi. A daren muka tsaya a wani babban kanti a hanya muka yi sayayyar kwana biyu. Karin safe da na dare a masauki, na rana a jakar baya, kowa da gorar ruwansa ana cikawa a famfon wurin. Abu ɗaya na yarda a saya a ciki kowace rana, askirim, kuma na rubuta shi a kasafi tun daga gida don kada in riƙa hararar yara suna sha. Da na leƙa allon farashin wani gidan abinci a ciki na ninka da biyar, na ga cin rana ɗaya tak zai kwashe abin da na ware wa yini guda gaba ɗaya. Muka sami benci a inuwa muka buɗe namu.

Maganar tsaraba kuwa, nan ne gizo ke saƙa. Masu gina irin waɗannan wurare sun san aikinsu: ka sauko daga lilo jikinka na rawa, hanyar fita ba ta kai ka waje sai ta ratsa da kai ta cikin shago, kayan wasan kuma an jera su daidai idon yaro. Saboda haka tun a gida na raba kashi 3 ɗin nan a ambulan uku, na rubuta sunan kowa. Na ce, "Wannan naka ne, ka sayi abin da kake so, ba zan hana ka ba. In ya ƙare ya ƙare." Suka ce sun ji.

Ba mu yi awa ɗaya da shiga ba namijin ya hangi wata sanda mai fitar da kumfa tana walƙiya. Ya tsaya cak. Yayarsa ta ce, "Kai, bari mu zaga tukuna mana." Ina! Ya zaro ambulan ɗinsa da hannu biyu, ya miƙa gaba ɗaya, aka dawo masa da canjin da ko alewa ba zai saya ba. Yinin nan ya yi shi yana fesa wa mutane kumfa, ba wanda ya kai shi jin daɗi. Washegari a shagon fitar wani lilo ya ga wata mota mai rimot. Ya kalle ta, ya kalle ni, leɓensa na ƙasa ya fara rawa.

"Mama, don Allah."

"Ina ambulan ɗinka?"

Ya yi shiru, hawaye suka zubo. Na ga hannun Abbansu ya nufi aljihu, na taka masa ƙafa a hankali. Ba zan ce abin bai taɓa ni ba, don sai da na juya baya na yi kamar ina gyara wa auta hula. Amma babbar tana tsaye tana kallo, ita da ta danne zuciyarta yini guda da rabi ba ta taɓa nata ba. In na saya masa, me zan ce mata? Kukan bai kai minti goma ba, muna isa wurin jirgin ruwa ya manta. Ita kuma sai dab da fita ta zaɓi wata ƙaramar jaka, har ta rage canji ta saya wa auta balan-balan.

Layi shi ne ɗayan abin da ake sayarwa yanzu. Disney ta fito da FastPass a 1999, kyauta ne a lokacin, ka karɓi lokaci ka dawo ka shige. Daga 2021 abin ya koma na kuɗi a wurarenta na Amurka, kuma wurare da yawa suna da irin nasu tsarin na biya a tsallake layi. Ni ban sa shi a kasafi ba, na ce da sammako za mu biya. Mukan isa kafin a buɗe ƙofa, ana buɗewa mu wuce can ƙarshen wurin, mu bar jama'a suna turereniya a lilon bakin ƙofa. A awa biyun farko mukan hau abin da da rana zai ci awa biyar. Akwai kuma wani tsari da ban san da shi ba sai da wani ma'aikaci ya gan ni da auta ya gaya mini: iyaye su bi layi sau ɗaya, ɗaya ya hau ɗaya ya riƙe ƙaramin, in ya sauko ɗayan ya hau ba tare da sake layi ba. Kyauta ne, tambaya kawai ake yi. Babbar ta fi kowa cin riba, don sau biyu take hawa, da ni da Abbanta.

Sai dai a nan taurin kaina ya so ya yi yawa. Babban jirgin da yarinyar ta yi wata 8 tana magana a kansa ya sami matsala da safiyar Talata, bai dawo aiki ba sai yamma, ranar Laraba kuma allo ya nuna jiran minti 90. Na ce a bi layi. Abbansu ya ja ni gefe ya ce, "Maman yara, kuɗin ko-ta-kwanan nan na mene ne in ba na irin wannan ba? Awa ɗaya da rabi za ki tsaya da waɗannan biyun a rana?" Na buɗe baki na rufe. Ya fi ni gaskiya. Muka saya wa mutum biyu tikitin tsallake layi na wannan lilon kaɗai, kashi 2 suka tafi. Ta sauko gashinta a hargitse, muryarta a dishe, tana ba ni labari ba ta ko numfashi. A bakin fita ga hotonsu a allo, baki buɗe, Abbansu ya rufe ido gam. Shi ma hoton na sayarwa ne. Muka tsaya muka yi dariyarmu muka wuce.

Sauran abin da ya ci kuɗi ƙanana ne, amma sun taru. Keken tura yaro na zo da namu daga gida, haka rigunan ruwa na leda da na saya tun kafin tafiya, kuma sun yi rana don an yi yayyafi ranar Laraba, na ga mutane na layin sayen irinsu a ciki. Abin da ban hango ba shi ne akwatin ajiya, don wasu lilon ba a hawa da jaka. Sai kuma bas ɗin nan na kyauta. Ashe na ƙarshensa yana tashi kafin wasan fitilun da ake yi da daddare. Ranar farko muka bi shi muka rasa wasan. Rana ta biyu yara suka ce sai sun gani, muka tsaya, muka dawo a tasi da kuɗin dare. Kashi 3 ke nan tsakanin akwati da tasi.

Duk rasit ɗin da aka ba ni a aljihun gefen jaka nake cusa shi. Bayan mun dawo da kwana biyu na zazzage su a kan gado na baje. Tikiti ya tsaya a 30 ɗinsa. Sufuri ya ci 19. Abinci ya haura da 1, saboda askirim na rana ta biyu ya zama sau biyu, kuma ni na jawo. Masauki 29 in an haɗa da abin da ban karanta ba. Daga kashi 10 na ko-ta-kwana, 1 ya dawo gida. Na nuna wa Abbansu na ce ina godiyar da na ce zai yi, ya ce ai kusan rabin kuɗin kuskurena suka biya, don haka an yi canjaras.

Asusun ban rufe shi ba, kashi ɗayan nan yana ciki. Namijin kuma ya gano inda nake ajiye tef ɗin awo. Jiya na same shi a jikin ƙyaure da littafi a kansa, yana roƙon yayarsa ta duba ko ya kai 120. Ta duba ta ce saura 6, ya ce ta sake aunawa, littafin ne ya karkace.